Takobin da Bai Taɓa Zuwa Yaƙi Ba

Alhaji, wanda ba zan ambaci sunansa ba, sana'arsa sayen kayan gwanjo a jihar Ohio ta Amurka, ya cika kwantena ya aika gida. Kekuna, firji, keken ɗinki, takalma, duk abin da zai yi kuɗi a Kano ko Maraɗi ba ya barinsa. Wata Asabar ya je irin cinikin nan da magada kan yi idan tsoho ya rasu, a buɗe gidan kwana biyu ko uku, a manna wa kowane abu farashi, tun daga cokali har gadon kwana. A ɗakin ƙasa ya ci karo da takobi cikin doguwar jakar fata da ta fara tsagewa. Matar da ke kula da cinikin ta ce masa 'yan gidan sun ce na kakan kakansu ne, kuma da shi ya yi yaƙin basasar Amurka. An rubuta dala 500, ya taya 350, ciniki ya faɗa a 400.

Da daddare ya kira ni, don ya san na yi shekaru ina yawon kasuwannin tsofaffin kayan soja, ina kallo fiye da saye.

"Malam, yau na yi tsintuwa," in ji shi. "Takobin janar. Ƙota hauren giwa, zinariya ko'ina. Gobe ka zo ka faɗa mini nawa zan sa masa."

Abin da na tarar

Na same shi a sito ya shimfiɗa takobin a kan kwali. Tun kafin in kai hannu gabana ya faɗi, saboda yaronsa ya riga ya kama kuben da soson ƙarfe da man goge tagulla, wai zai fito da shi fes. Kuben yana da kwalliyar ƙarfe guda uku, a baki da tsakiya da ƙasa. Biyun sama suna nan da launinsu na tsohuwar zinariya mai ɗan duhu. Ta ƙasan kuwa ta sha soso har ruwan zinaren ya tafi, sai tagulla tsirara tana ƙyalli kamar sabon famfo. Na roƙi yaron ya ajiye soson nan nesa.

Tsawon ruwan takobin inci 30 ne, miƙaƙƙe, siriri, baki biyu amma ko ɗaya ba ya yanka. Na goga babban yatsa a kai, kamar mutum ya shafa bakin faranti. A ƙarshen ƙota akwai kan barde sanye da kwalkwali, 'yar sarƙa ta taso daga nan ta sauko zuwa sandar da ke kare hannu. Ƙotar fara ce da ta soma komawa ruwan madara, gefe ɗaya gicciye, ɗaya gefen haruffa uku an sarƙe su cikin juna. A jikin kube ga kambi, gicciye ya ratsa ta cikinsa a karkace. Ruwan kuwa cike yake da zane: barade a kan dawakai, tantuna, ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu, cikakken sunan wani mutum da tsohon salon rubutu mai ƙayoyi, sai kalmomi huɗu na Latin, In Hoc Signo Vinces, ma'ana da wannan alama za ka yi nasara.

Wanda ya taɓa riƙe takobin da aka raba wa sojan doki a yaƙin basasa, wanda aka gwabza daga 1861 zuwa 1865, ba zai haɗa su ba ko a duhu. Samfurin 1860 lanƙwasasshe ne, ruwansa ya kai inci 35, ƙotarsa itace ne da aka rufe da fata aka naɗe da waya, kuma hannu na shiga cikin kariyar tagulla mai rassa. A gindin ruwa, wajen da ya haɗu da ƙota, akan buga haruffan U.S., da haruffan sunan jami'in da ya duba shi ya amince, da shekarar da aka ƙera shi. Babu gicciye, babu ƙoƙon kai. Kayan aiki ne gwamnati ta saya da yawa ta rarraba.

Na Alhaji kayan ado ne. Tambayar ita ce adon wa.

Masu takobin

Kambi da gicciye, da kan barde, da waccan jimla ta Latin, idan suka haɗu wuri ɗaya, kusan koyaushe suna nuna ƙungiyar Knights Templar, wani reshe na Freemason da Kirista kaɗai ke shiga. Sunan na aro ne. Baraden Templar na asali, wata rundunar mayaƙan Kirista, an kafa su a Ƙudus wajen 1119, Fafaroma Clement na Biyar ya rushe su a 1312. Waɗannan na baya a ƙarni na 18 suka bayyana, suka ɗauki suna da alamomi. Babbar majalisarsu ta Amurka an kafa ta a 1816 a New York. Kowane ɗan ƙungiya yana da baƙar kwat, da hula mai gashin jimina, da takobi, kuma duk shekara uku sukan yi babban taro a wani birni su yi fareti a titi.

Da Alhaji ya ji kalmar Freemason sai ya ja da baya kaɗan. "Wato na 'yan ƙungiyar asiri ne? Malam, kada in kai wa kaina masifa sito."

Na fahimci abin da yake ji, don a wajenmu kalmar tana ɗauke da nauyin da ya wuce wannan. Gaskiya ne waɗannan ƙungiyoyi suna da rantsuwa da alamomin hannu da ba a faɗa wa bare. Amma a Amurkar ƙarshen ƙarni na 19 shiga irinsu abu ne na kowa da kowa, mai kanti da likita da ma'aikacin jirgin ƙasa. Wani ƙiyasi da aka buga a 1897 ya kai yawan 'yan irin waɗannan ƙungiyoyi miliyan 5.4. Da yawa daga cikinsu taimakon kai da kai ne ya riƙe su: idan mutum ya kwanta ciwo a ba shi ɗan abin cefane, idan ya mutu a yi masa jana'iza a tallafa wa matarsa. Tsarin fanshon tsufa na gwamnatin tarayya ga talakan ma'aikaci sai a 1935 ya zo. Ga kuma sha'awar kaki da fareti da ta kama mazan da suka tashi bayan yaƙi suna jin labarinsa a bakin iyaye.

Ba Templar kaɗai ke rataya takobi ba, shi ya sa dole mai nazari ya koyi haruffa. Knights of Pythias, da Justus Rathbone ya kafa a birnin Washington a 1864, takubbansu na ɗauke da F.C.B., reshensu mai kaki kuma na ƙara U.R. da furen lili. Odd Fellows suna da zobba uku a sarƙe da haruffan F.L.T., masu kakinsu kuma P.M. Na Knights of Columbus, ƙungiyar 'yan Katolika da aka kafa a New Haven a 1882, kan Christopher Columbus, matuƙin jirgin ruwan nan, ne a ƙarshen ƙota, ba na barde ba. Mutum ya san waɗannan huɗu, ya san mafi yawan abin da zai gamu da shi a gwanjo.

Tambarin maƙera

Nan ne labarin yaƙin basasa ya ƙarasa rushewa. A gindin ruwa akwai 'yar fata zagayayya da ake sa wa don kada ƙota ta riƙa bugun bakin kube. Na ɗaga ta da farce, na haska fitilar waya. A gefe ɗaya an rubuta The M.C. Lilley & Co., Columbus, O. A ɗaya gefen, da ƙananan haruffa har sai da na sa madubin ƙara girma, kalma ɗaya: Germany.

Kamfanin Lilley a nan Columbus yake a wancan zamani, garin da muke tsaye. Mitchell Lilley mai ɗaurin littattafai ne, kamfanin ya fara a 1865, ya girma har ya zama ɗaya daga cikin manyan masu sayar wa ƙungiyoyi kaki da tutoci da takubba a duk ƙasar. Abin da ke taimakon mai nazari shi ne kamfanin ya yi ta sauya suna, kowane suna da zamaninsa. Wanda ke kan takobin Alhaji, mai kalmar The a gaba, masu tara takubba suna sa shi tsakanin 1882 da 1925. Daga 1925 ya koma The Lilley Co., daga 1931 kuma Lilley-Ames, bayan ya haɗiye kasuwancin takubban Ames na Chicopee a jihar Massachusetts. Shi Ames ɗin da gaske ya ƙera wa gwamnati takubban yaƙin basasa, kuma da yaƙi ya ƙare oda ta tsaya, ƙungiyoyin nan ne suka zama manyan masu saye. Wannan dangantaka tana cikin abin da ke rikita iyalai, su ga sunan da suka ji a tarihin yaƙi a kan takobin fareti.

Kalmar Germany ta ƙara matse lokacin. A 1890 majalisar Amurka ta yi dokar harajin shigo da kaya da ake kira da sunan William McKinley, ɗan majalisa daga Ohio da ya zama shugaban ƙasa daga baya. Dokar ta wajabta rubuta sunan ƙasar da aka yi kaya a jikinsu, aka fara aiki da wannan a 1891. Kenan ruwan takobin daga Jamus aka kawo shi bayan wannan shekara, kusan tabbas daga Solingen, garin maƙeran wuƙaƙe da takubba, aka yi masa zane da ƙota da kube a Columbus. Takobin bai girmi 1891 ba, bai kuma wuce 1925 ba. Ko da an ɗauki shekarar farko, an yi shekara 26 da ajiye makaman yaƙin basasa kafin a ƙera shi.

Sunan Solingen ya ɗan farfaɗo da Alhaji, don na gaya masa ba baƙon wuri ba ne a gare mu. Da yawa daga tsofaffin takubban Azbin da na ƙasar Hausa ruwansu daga can ya fito, ya keto Sahara a kan raƙuma, maƙeranmu suka yi musu ƙota da kube, har suka riƙa kwaikwayon tambarin wata biyu a kan waɗanda suka ƙera da kansu. Ya ce to ai ɗan'uwa ne. Na ce ɗan'uwa ne, amma waɗancan an wasa su.

Zanen da ke jikin ruwan ma ba sassaƙa ba ce. Ana rufe ƙarfen da wani abu mai kama da kakin zuma, a bar wuraren da ake so a buɗe, a zuba asid ya ci. Barade da tantuna samfuri ɗaya ne ake bugawa a kan dubban takubba, a bar fili a tsakiya don sunan mai saye. Mutum ya buɗe littafin kayan kamfani, ya zaɓi lamba, ya aika kuɗi da sunansa.

Maganar hauren giwa

Alhaji ya saki batun janar, ya riƙe na ƙota. "To ko ba komai ai haure haure ne."

"Alhaji, ka yi addu'a kada ya zama haure," na ce masa.

Hauren giwa a kasuwar Amurka ta yau kyan ɗan maciji ne. Tun 1989 yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin namun daji, ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe. A 2016 gwamnatin tarayya ta ƙara tsaurarawa, ta hana sayar da hauren giwar Afirka daga jiha zuwa jiha, sai abin da aka tabbatar da takarda ya kai shekara 100, ko wanda hauren da ke jikinsa bai kai giram 200 ba kuma ya cika wasu sharuɗɗa. Jihohi irin su New York da New Jersey da Kalifoniya suna da nasu dokokin a kan na tarayya. Kamfanin eBay, mai kasuwar saye da sayarwa a intanet, ya daina karɓar kayan haure tun 2009. Ga mutumin da aikinsa loda kwantena, ƙota ɗaya ta haure ba tare da takarda ba tana iya sa a riƙe masa kaya gaba ɗaya a tashar jirgin ruwa. Kuma takubban Templar na wancan zamani da yawansu haure na gaske ne a jikinsu, don haka ba tambayar wasa ba ce.

Abu uku ake zato idan aka ga farar ƙota: haure, ƙashi, ko seluloyid, wata irin tsohuwar roba. Ƙashi yana da ƙananan ɗigo da gajerun zirin baƙi, wuraren da jijiyoyin jini suka bi. Wannan babu su. Haure kuma idan aka kalli inda aka yanke shi a gicciye, akan ga layuka sun ratsa juna kamar saƙar raga, waɗanda ake kira layukan Schreger, kuma ba a iya kwaikwayonsu da kyau. Don in ga wannan wuri sai na murɗa kan barden a hankali, ya kwance, don a kan zare yake kamar noti. Wannan ma shaida ce, takobin aiki akan dake ƙarshen ƙarfen ne ya mutu a wurin. Na zare ƙotar na duba bakinta da madubi. Babu raga. Layukan da ke jikinta a miƙe suke, tazararsu ɗaya kamar an ja su da rula, abin da dabba ba ta yi. Na goga ta da ƙarfi a hannun rigata har ta yi ɗumi, na kai hanci, na miƙa wa Alhaji.

"Kafur," ya ce.

Seluloyid kenan, robar farko da masana'antu suka yi, wadda John Wesley Hyatt ya yi wa rajista a 1870 yana neman abin da zai maye gurbin haure. Da auduga da aka sarrafa da asid ake yin ta, a haɗa da kafur, shi ya sa ƙamshin. Akwai masu gwadawa da allura mai zafi. Kada a yi. Seluloyid tana kama wuta kamar an zuba mata fetur, kuma ko ba ta kama ba an bar tabon da ba ya gogewa. Tana da wani halin kuma: idan ta tsufa ta fara lalacewa takan fitar da iska mai asid da ke cin ƙarfen da ke kusa. Inci biyu na farko na ruwan takobin Alhaji suna da tsatsa mai ɗigo-ɗigo, sauran kuwa lafiya lau, shekaru a rufe cikin jaka sun yi aikinsu.

Farar ƙota da ruwan zinare sun faɗa mana wani abu game da mai shi. Dokokin kaki sun bambanta daga jiha zuwa jiha, amma abin da aka fi sabawa shi ne ɗan ƙungiya na ƙasa ya riƙe baƙar ƙota da farin ƙarfe, wanda ya taɓa shugabantar reshe kuma ya riƙe fara da launin zinariya. Sai muka bi sunan. Takardun ƙidayar jama'ar Amurka ana sakin su bayan shekara 72, kuma ana iya duba su a intanet. Na 1890 yawancinsu gobara ta cinye a 1921, amma na 1900 da 1910 suna nan. Mun same shi a duka biyun, a ƙaramin garin da aka rubuta a jikin jakar fatar, mai kantin kayan gini, an haife shi a 1868. Yaƙin ya riga shi zuwa duniya ya tafi. Ban ɗauka matar da ta sayar ta yi wa Alhaji sakiyar da ba ruwa da gangan ba. Irin labarin nan haka yake girma a gida, wani kaka ya yi soja, wani kaka ya bar takobi, jikoki su haɗe su mutum ɗaya.

Nawa zai yi

Alhaji ya buɗe waya ya nuna mini irinsa an sa masa dala 900, wani ma 1,200. Na karɓi wayar na sauya binciken zuwa waɗanda aka riga aka sayar. Kowa na iya sa wa akuyarsa kuɗin sa, abin dubawa shi ne nawa aka biya aka ja igiya. Waɗanda muka gani na Lilley, masu kube, daga dala ɗari da 'yan kai ne zuwa wajen 300, mafi yawa suna tsakiya.

Dalilin bai wuce yawa ba. Takubban Templar na Lilley da Ames da Henderson-Ames na Kalamazoo da Pettibone na Cincinnati sun cika kasuwa kamar jamfa a Jos. An yi su dubbai, ba a taɓa yin faɗa da su ba balle su karye, an adana su cikin jaka, kuma tun bayan karyewar tattalin arziki ta 1929 da yawa daga ƙungiyoyin suka fara raguwa, don haka kullum sababbin magada ke fito da su. Shekara ɗari ba ta sa abu tsada idan kowane gida yana da shi a ɗakin ƙasa. Waɗanda ke yin kuɗi sosai su ne na ƙananan ƙungiyoyi da suka ɓace tuntuni, ko takobin girmamawa da reshe ya tara kuɗi ya yi wa wani babba, mai azurfa ta gaske da sassaƙar hannu da rubutun ranar da aka miƙa shi, ko wanda sunan da ke jikinsa na gwamna ne ko wani da tarihi ya sani. Sunan mai kantin kayan gini ba ya ƙara ko sisi, wani lokaci ma yana ragewa, tunda ɗan ƙungiya na yau da ke neman takobin fareti ba lallai ya so ya rataya sunan wani ba.

Na Alhaji yana da abubuwan da suka taimake shi: kube nasa ne na asali, sarƙar tana nan, jan fentin gilashi da ke cikin gicciyen bai ɓare ba, ga jakar fata mai suna ɗaya da na ruwa, wadda ke nuna ba haɗe-haɗe aka yi ba. Abin da ya ja shi ƙasa tsatsar nan ce, sai aikin soso. Masu tara irin waɗannan kaya sun fi son dattin shekaru a kan ƙyallin jiya, kuma ruwan zinaren da aka kankare ba ya dawowa sai an sake shafawa, wanda kuɗinsa ya fi na takobin. Da yaron bai taɓa shi ba da na ce 250. Yadda yake, na ce masa ya sa rai da 180 zuwa 200. Idan ya kai gidan gwanjo kuma su cire la'adarsu, ga kuɗin aika doguwar kaya, abin da zai rage a hannunsa sai ya ba shi haushi.

Ya yi shiru yana lissafi. Sannan ya tambaya ko a gida zai fi kuɗi, wajen masu hawan salla. Na ce mai hawa yana son takobi mai hamila da kuben fata irin namu, kuma ban ga wanda zai ɗaga takobi mai gicciye a gaban sarki ba. Ya yi dariya ya ce shi ma bai gani ba.

Muka shafa wa ruwan ɗan man keken ɗinki da tsumma mai laushi, muka bar jakar a buɗe don iska ta shiga, muka ɗauki hotunan tambarin da na ƙotar kusa-kusa, aka rubuta a tallar cewa seluloyid ce, aka kuma faɗi wurin da aka goge. Bayan mako uku wani dattijo ɗan ƙungiyar daga wani gari kusa ya zo da kansa, ya zare shi, ya ɗaga ƙota zuwa haɓarsa kamar yadda suke gaisuwa, ya taya 170. Alhaji ya ce albarka. Suka tsaya a 190.

Watan jiya na leƙa siton. A bayan wasu kekuna ya jawo wani takobi, baƙar ƙota, ya ce dala 60 ya ba da. Kafin in buɗe baki ya ɗaga 'yar fatar gindin ruwa da farce, ya haska fitila, ya karanta mini Pettibone, sannan ya juya kube ya nuna mini furen lili da U.R. Soson ƙarfen kuwa yana rataye a ƙusa can kusa da rufi, inda hannun yaron ba ya kaiwa.